Mijinyawa da Karkatacciyar Huɗa

Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Gwarzo ta nufi Kara da damina, in ya wuce wata tsohuwar ɗorawa da tsawa ta taɓa tsaga ta biyu, zai ga wata gona a hannun dama. Ba sai an gaya masa mai ita mutum ne mai tsantseni ba. Layukan huɗarta a jere suke reras, kai ka ce da zare aka ja su. Amma a tsakiya akwai guda ɗaya da ya bauɗe, ya yi gabas, ya dawo, ya sake lanƙwasa kamar macijin da ya ƙoshi. Baƙo yakan ɗauka sa ne ya firgita ya fizgi garma. Ba haka ba ne. Da gangan mai gonar yake yin sa kowace shekara, kuma a duk faɗin gonar babu layin da ya taɓa ba shi wahala kamar wannan.

Sunansa Mijinyawa. Kakansa makiyayi ne, mahaifinsa ne ya gaji da yawo ya kafa gida ya kama noma. Fillanci ya bi kakan kabari, bai bar wa jikan komai ba sai 'yan kalmomin kiran shanu da kuma hannun da dabba ke yarda da shi. Tun yana saurayi, in sa ya gagari mai shi, wurin Mijinyawa ake kawo shi.

Ya auri Furera, 'yar Kabo, a daidai shekarun da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Taraktar haya da manoma suka fara sabawa da ita ta lalace, aka rasa kayan gyara, ta zauna a inuwa har kaji suka mai da ƙarƙashinta wurin ƙwai. Sai ido ya dawo kan shanun huɗa. Mijinyawa yana da bijimai biyu da garmar ƙarfe, nan da nan ya zama mutumin da ake sammako a ƙofar gidansa. Kuma gaskiya aikinsa abin kallo ne. Masu wucewa a keke sukan sauka su tsaya. In ana so a yabi wani abu da miƙewa, ko ginin katanga ne ko tsagar kitso, sai a ce kamar huɗar Mijinyawa.

Yabon nan ya yi masa daɗi da farko. Daga baya ya zame masa kaya. Ya fara zuwa gona da igiya da turaku, yana ja kafin ya saki shanu. In ya kai ƙarshen layi ya waiwaya, sai idonsa ya kama wata 'yar gargada da ba mai ganinta sai shi. Nan take gabansa zai faɗi, ya ji kamar duk garin sun taru a bakin gona suna nuna wurin da yatsa. Ba ya samun sauƙi sai ya baje layin ya sake. Wani lokaci ya sake sakewar.

Abin bai tsaya a gona ba, ya biyo shi gida. Hularsa sai ta zauna daidai tsakiyar goshi. Takalman masallaci, nasa da na mutane, sai ya jera su kafin ya shiga. Alwala kuwa, in ya gama sai zuciya ta ce masa anya ruwa ya taɓa diddige, ya koma farko, har ya ji liman ya yi sallama yana tsugune da buta.

Furera mace ce mai sakin fuska, ba ta iya ɓoye dariya. Takan ce masa, "Malam, dawa fa ba ta da ido. In ka binne ta a karkace, a miƙe za ta fito."

Shi kuma ya ce, "Dawa ba ta da ido, mutane suna da shi."

Abin da ya raba shi da mutanen garin ya faru ne wata damina da kurkunu ya fito masa a ƙafa, daidai lokacin huɗa. Yana kwance, ruwa ya zauna, gonarsa ko layi ɗaya babu. Sai Ya'u ya tashi. Ya'u taubashinsa ne, ɗan ƙanwar mahaifinsa, kuma shi ke kiran gayya a unguwarsu. Tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba, shi ne ma ya laƙaba wa Mijinyawa suna Injiniya. Ya'u ya zaga gida gida, maza suka fito da garemanin hannu, aka sa ganga, kafin la'asar an huɗe gonar kaf. Suka sha furar Furera, suka shigo suka yi wa mai jinya sannu, suka watse.

Da ƙafa ta ɗan saki, Mijinyawa ya dogara sanda ya je gani. Aikin hannu da yawa ne, kowa da irin sararsa: wani layin ya yi ƙiba, wani ya rame, wani ya kama hanyar Kabo. Ya tsaya yana kallo har gumi ya jiƙa masa riga. Ya so ya juya gida, ƙafarsa ta ƙi. Washegari ya ɗaura wa shanu karkiya, yana ɗingishi, ya baje aikin gayya tun daga farko har ƙarshe, ya ja igiyarsa ya sake.

A wannan ƙasa aikin gayya kyauta ce ta gumi. Mutum yana iya cewa ya gode, ba ya buƙata, tun kafin a fito. Amma ya karɓa, a sha furarsa, sannan ya rushe a gaban waɗanda suka yi, wannan ba a taɓa ji ba. Ya'u ya zo ya tsaya a bakin gona, hannu a baya. Bai yi faɗa ba, bai ma yi tsokana ba, abin da ya fi ba Mijinyawa tsoro ke nan.

Ya ce, "Injiniya, ka yi haƙuri, mun ɓata maka gona. Ba za mu ƙara ba."

Ba su ƙara ba kuwa. Ana gaisawa, ana zuwa masa suna da jana'iza, ana ma biyansa ya yi huɗa da shanu. Amma ganga ba ta sake nufar gonarsa ba, kuma in za a yi wa wani gayya ba a gaya masa. Yakan jiyo kiɗa da ihun maza daga nesa yana bayan shanunsa shi kaɗai. Yakan gaya wa kansa haka ya fi, ba mai ɓata masa layi.

Shekaru suka shuɗe a haka. A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, da rani, babban sansa Kyalla ya haɗiyi leda a juji, cikinsa ya kumbura, aka yi magani bai yi ba, sai wuƙa. Halin sayen wani babu. Sa ɗaya kuwa ba ya jan garma. 'Ya'yansa mata sun yi aure, namijin yana can Kudu yana neman na kansa. Mijinyawa ya riga ya fara furfura, ga gona mai faɗi, ga halinsa na sake aiki. Ya san in ruwa ya zauna ba a huɗe ta ba, babu dawa a bana, rumbu zai kwana wayam.

Furera ta faɗa masa ba kwana-kwana: "Malam, maganar ɗaya ce. Ka je wurin Ya'u ka roƙi gayya."

Ya ce, "In sun zo sun yi, zan iya bari?"

Ta dube shi, ba ta yi dariya ba a wannan karon, don ta san ba gardama yake yi ba. Tambaya yake yi da gaske.

Daga ranar ƙirjinsa ya fara bugawa kamar ana daka a ciki. Numfashi ya riƙa tsaya masa a maƙogwaro, abinci ya daina shiga. Ya tabbata zuciyarsa ce za ta tsaya, har ya fara gaya wa Furera inda ya ajiye igiyoyin shanu. Ta sa shi gaba zuwa asibitin Gwarzo. Aka auna jini, aka saurari ƙirji, aka ce zuciyarsa lafiya lau, ta fi ta wasu samarin ma. Sai aka nuna masa wani ɗaki a ƙarshen baranda, aka ce ya shiga ya ga Malam Edwin.

Edwin Dung ma'aikacin jinya ne, mutumin Filato, ya daɗe a Gwarzo har 'ya'yansa ba su san wani gari ba. Ya yi karatu na musamman kan ciwon damuwa da na ƙwaƙwalwa. Matarsa tana koyarwa a wata firamare a Kabo. A kwanakin nan 'yan'uwansa sai aiko masa da saƙo suke yi ya tattara iyali ya dawo gida, tunda ba a san yadda Shari'a za ta kasance da irinsu ba. Shi dai yana nan yana zuwa aiki.

Suka gaisa, aka tambayi gida da iyali da zafi da dabbobi. Da Mijinyawa ya fahimci irin ɗakin da aka turo shi, sai ya miƙe.

"Likita, ni fa ba mahaukaci ba ne."

"Ban ga alama ba, Baba. Amma tun shigowarka ka gyara mini labule, ka daidaita kalandar bango, yanzu kuma idonka yana kan takalmina. Zauna mu yi hira."

Furera da ke bakin ƙofa ta tuntsire da dariya har ta riƙe bango. Mijinyawa ya zauna.

Ya ba da labarin gona, da igiya, da gayya, da Kyalla. Edwin bai katse shi ba. Da ya gama sai ya tambaye shi, "In ka bar layi a karkace, me zai faru?"

"Mutane za su gani."

"In sun gani fa?"

"Za su ce Mijinyawa ya lalace."

"Wa ya taɓa faɗa?"

Mijinyawa ya laluba shekarunsa kaf bai samo mutum ɗaya ba. Abin da ya samo shi ne fuskar Ya'u a bakin gona, kuma ba don layi ya karkace Ya'u ya yi wannan fuskar ba.

Edwin ya ce masa ciwon yana da suna a littattafansu, kuma ba shi kaɗai ke da shi ba: akwai malaman makaranta, akwai teloli, akwai matan aure. Tsoro ne ke tasowa, mutum ya yi gyara ya ji sanyi, sai tsoron ya gane ashe in ya taso ana yi masa hidima, gobe ya dawo da ƙarfinsa. Sannan ya ce, "An ce kai ne gwanin horar da shanu. Ni ban san komai a kai ba, mu a kan duwatsu da hannu muke noma. Sabon sa da bai taɓa ganin karkiya ba, yaya kake yi da shi?"

Nan Mijinyawa ya gyara zama. Ya ce ai ba a fara masa da garma. Igiya za ka fara ɗora masa a wuya ka bar shi da ita. Zai yi tsalle, zai yi huci, ya ga kamar mutuwa ce ta zo. Kada ka doke shi, kada kuma ka cire. In ka cire lokacin da yake tsalle, ka koya masa tsalle ke nan. Ka tsaya kusa da shi kana yi masa magana har ya gaji ya ga ba abin da ya same shi. Gobe ka ƙara ɗan itace. Jibi ka haɗa shi da babba.

Edwin ya ce, "To, Baba, ka gama faɗin maganinka. Abin da za mu yi ke nan. Kai ne san, kai ne kuma mai horon. Ni ɗan rakiya ne."

Igiyar farko hula ce. Edwin ya sa hannu ya ture ta gefe, ta kwanta a kan kunnen hagu, ya ce a haka zai ratsa kasuwa ya hau mota har gida. In ƙirji ya fara daka, kada ya taɓa ta. Ya ja numfashi a hankali ta hanci, ya sake shi a hankali, ya jira ya ga abin da zai faru.

Mijinyawa bai taɓa yin tafiya mai tsawon ta ranar ba. Hannunsa sai tashi yake yi da kansa, yana mai da shi aljihu. Gumi har cikin takalmi. Ya ratsa 'yan hatsi, ya ratsa 'yan tumaki, yana jiran a fara nuna shi. Ba wanda ya ko ɗaga kai. Mutum ɗaya ne ya kula, wata tsohuwa mai daddawa, ta ce, "Kai, Alhaji, wannan karin hula haka, zance za a je?" Kafin mota ta kai Kara sai ya lura da wani abu da ya ba shi mamaki: dakan ya lafa da kansa, hular kuwa tana nan a kunne.

Haka suka riƙa yi duk ranar kasuwa. Edwin ya ba shi aiki, ya je ya yi, ya dawo su tattauna. Maganar alwala Edwin ya ce wannan ba fanninsa ba ne, ya je ya tambayi limaminsu. Malam Hadi liman ya ce masa wasuwasi ne, malamai sun daɗe da saninsa: ya wanke kowace gaɓa yadda aka koyar, ya tashi, ko zuciya ta ce bai yi ba kada ya saurare ta. Ya ƙara da cewa, "Takalman mutane kuma ka bar musu abinsu. Jiya na fito na rasa nawa, ashe ka kai su sahun manya." A makon ne Mijinyawa ya sami raka'ar farko a jam'i, abin da ya manta rabonsa da shi.

Furera kuwa aka ba ta aikin da ta fi so a duniya. Edwin ya ce ta riƙa karkata abu ɗaya a gida kowace safiya. Ba ta tsaya a ɗaya ba. Ta rataye faifai a karkace, ta juya wa buta baki bango, ta shimfiɗa tabarma a gicciye.

"Abu ɗaya Likita ya ce!"

"Ni uku na ji, Malam. Kunnen nan nawa ya tsufa."

Ba kullum ake nasara ba. Akwai ranar da aka ce ya ɗaura sabon zana a danga ya bar shi ya ɗara sauran tsawo. Ya daure har azahar, sannan ya ɗauki wuƙa ya daidaita shi, ya bi sauran dangar ma ya yi mata aski. Ya je wurin Edwin kai a sunkuye, ya ce shi dai ba zai warke ba.

Edwin ya ce, "In sa ya jefar da karkiya, sayar da shi kake yi?"

"A'a. Gobe a sake ɗora masa."

"To, sai goben."

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, Mijinyawa ya sayi goro, ya naɗe igiyarsa da turakunsa, ya nufi gidan Ya'u. Ya tarar da shi a zaure yana gyaran ƙotar garma. Suka gaisa kamar yadda suka saba a shekarun nan, gaisuwa mai tsawo wadda ba komai a cikinta. Sannan ya ajiye goro, ya ajiye igiya a kai.

Ya'u ya dubi igiyar. "Wannan fa? Rataye ni ka zo yi?"

"Gayya na zo roƙo. Abin da na yi muku ban kyauta ba. Ciwo ne, ina magani, amma ciwon bai hana abin zama laifi ba."

Ya'u ya daɗe yana juya ƙota a hannu. "Na ji labari. An ce har karin hula kake yi a Gwarzo, 'yan mata na guɗa." Ya ɓare goro ya jefa a baki. "Zan gaya wa mutane, ban ce za su zo ba. In sun zo, da sharaɗi: garmarka ta hannu a gidana za ta kwana har dawa ta fito."

Mijinyawa ya so ya ce to. Da ya fi masa sauƙi. Amma ya tuna, in an ɗaure wa sa ƙafafu ba a cewa ya horu.

Ya ce, "A'a. Ka bar mini ita a ɗakina. In na taɓa layi ɗaya, kada a ƙara amsa mini sallama a garin nan."

Ya'u ya ɗaga kai ya dube shi sosai. "Injiniya, kai ne kuwa?"

Ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙu. Ranar gayya Furera ta tashi da dama fura da tuƙa tuwo, maƙwabta mata suna taya ta. Mijinyawa ya tsaya a bakin gona yana duban hanya, bai san ko mutum uku zai gani ba. Sai ya jiyo ganga. An ɗan yi gardama a kanta a majalisa, wasu samari suna cewa yanzu da Shari'a ba a kiɗa. Malam Hadi ya ce shi bai ga laifin gangar da ke sa mutum ya nemi abincin iyalinsa ba, in dai an tsaya an yi salla a kan lokaci. Ga su nan kuwa tafe, dattawa da samari, garemani a kafaɗa, Ya'u a gaba. A can baya wani ya sauka daga babur yana naɗe ƙafar wando: Edwin ne, da gajeriyar garmarsa irin ta mutanen dutse.

Ya'u ya ce, "Likita, kai ma an gayyato ka?"

"Na zo duba mara lafiyata ne. A garinmu dai in an yi gayya da tulun burkutu ake sallamar mutane, ban san me za ku ba ni ba."

"Rufa mana asiri, kada Hisba ta ji! Fura za ka sha har ka kasa hawa babur."

Aka ja sahu, ganga ta ɗauka, ƙasa ta fara tashi. Mijinyawa ya shiga tsakiyarsu da tasa garmar. Rabonsa da ya ji kafaɗar wani kusa da tasa a gona har ya manta. Yana sara yana satar kallon layukan, ƙirjinsa yana daka, yana jan numfashi yana ci gaba. Da aka kai tsakiyar gona sai Ya'u ya ɗaga hannu ya ce kowa ya dakata, wannan layin nasa ne shi kaɗai. Ya tofa yawu a tafi, ya kama sara yana rangaji, ya yi gabas, ya dawo, ya sake lanƙwasa, makaɗi yana bin sa da kiɗa, mutane suna faɗuwa don dariya. Da ya kai ƙarshe ya share gumi ya ce, "Injiniya, ga tukuicina. A auna a gani ko ya yi."

Mijinyawa ya dubi layin. Da ƙyar ya ce, "Ya yi." Aka sa ihu.

Gwajin gaske sai da gari ya waye. Bayan sallar asuba ƙafarsa ta ɗauke shi zuwa gona, sai da ya isa ya ga ashe garma tana kafaɗarsa, bai san lokacin da ya ɗauko ta ba. Ba kowa, sai kurciyoyi. Layin Ya'u yana kwance a tsakiya, ya fi jiya muni. Zuciya ta ce masa ba sai ya baje ba, ɗan gyara kawai, nan da can, wa zai sani? Hannunsa har ya sauko da garmar.

Sai ya ajiye ta a ƙasa, ya je ya zauna a kan layin, daidai inda ya fi lanƙwasa. Dakan ya taso. Ya taso har kunnensa ya toshe. Ya ja numfashi, ya sake. Ya fara yi wa kansa magana ƙasa-ƙasa da 'yan kalmomin nan na kakansa, waɗanda yake lallashin sabon sa da su. Rana ta fito ta taɓa masa ƙeya. Wata tururuwa ta hau ƙafarsa ta sauka. Can sai ya ji abin yana janyewa, kaɗan kaɗan, kamar ruwan rafi bayan an ɗauke sama. Ya ji yunwa, irin wadda ya daɗe bai ji ba.

"To, tashi haka nan, kada ka baje mini aiki da mazaunai."

Ya waiwaya. Ya'u ne ke saukowa daga kan ɗorawa, da ƙyar, yana laluben reshe da ƙafa.

"Tun yaushe kake can?"

"Tun kafin ka zo. Tururuwa sun gama da ni. Da ka ɗaga garmar nan, na rantse da a kanka zan diro." Ya karkaɗe riga, ya zaro ƙullin irin dawa daga aljihu. "Zo mu shuka, tunda ka kawo kanka. Ni zan sara, kai ka bi. Kuma jibi akwai gayya a gonar Musbahu, ka zo da wuri. Ban da igiya."

Dawa ta yi kyau a shekarar, ba fiye da ta kowa ba, amma rumbu ya cika. Da kaka Mijinyawa ya ɗaura dami guda a keke ya kai wa Edwin har gida, ya tarar bai tafi ko'ina ba, yana ma gyaran rufin kicin. Bayan shekara biyu ya haɗa kuɗin wani san, ya koma huɗa da shanu, layukansa suka koma miƙewa kamar da, don gwaninta ba ciwo ba ce. Ciwon ma bai tafi gaba ɗaya ba. Har yau in ya shiga ɗakin mutum idonsa yakan tsaya a kan labule, wani lokaci ya bari, wani lokaci ya ce a yi haƙuri ya miƙa hannu. Amma duk damina in ya kai tsakiyar gona, sai ya ja wa shanun igiya hagu, ya ja dama, su kansu har sun gane wurin. Furera takan kawo masa fura ta zauna a kan layin, ta ce duk faɗin gonar, nan ne ya fi daɗin zama. Ya'u kuma in ya zo wucewa sai ya tsaya, ya rufe ido ɗaya ya auna, ya girgiza kai.

"Injiniya, bai kai nawa karkacewa ba. Ka ƙara himma."